Sawu Kafin Hoto

Bara waccan, ana tsakiyar ɗari, ɗan ƙanena da ke karatun aikin gona da gandun daji a Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai ya kira ni bayan isha'i. Da muka gama gaisuwa ya tambayi mutanen gida, sai ya ce, "Baba, shawara nake nema. Kyamarar daji zan saya, irin wadda ake ɗaurewa a jikin icce a yi tafiya a bar ta, in dabba ta gitta ta ɗauki hotonta da kanta. So nake in ga abin da ya rage a dajin Matankari, a kansa zan rubuta kundin gama karatu. Wace iri zan ɗauka?"

Na yi dariya har tari ya sarƙe ni. Ni da na ƙare ƙuruciyata da alli a hannu, ina koya wa yara Faransanci da lissafi a lekol, ina ni ina zaɓen kyamara? Amma na san dalilin da ya sa ya nufo ni. Kaf gidanmu ni kaɗai na rage cikin waɗanda suka taɓa bin Kawu daji.

Kawu wan mahaifiyata ne, maharbi na gado. Gajere ne, ba shi da yawan magana. Rigarsa ta saƙi ta sha hayaƙi da jini har ba a gane launinta na asali, layu sun yi mata nauyi. Kwari a kafaɗa, baka a hannu, kan burtu a cikin burgami. Ina da shekara goma ko sha ɗaya, wajen 1971, ya fara yarda in riƙa ɗaukar masa gorar ruwa. Tun asuba muke fita, mu bar kwarin Dallol Mawri da gawonsa da gawasarsa, mu hau fako inda geza da sabara da taramniya suka yi cunkus. Abin da ban taɓa mantawa ba, Kawu ba ya kallon gabansa in yana tafiya. Ƙasa yake kallo. Sai ya ja ya tsaya cak, ya nuna da bakin baka: barewa biyu, uwa da ɗanta, sun wuce tun kafin raɓa ta sauka, tunda ga raɓar kwance cikin sawun. Wancan kuma na gada ne, sabo fil, ko gefensa bai zube ba. Yakan ɗauki kashin dabba ya murje tsakanin yatsu, ya sansana, ya gaya maka abin da ta ci jiya da inda za ta yi ƙailula yau. Ni kuwa rairayi kawai nake gani.

A ƙasar Sarauniyar Lugu da Bauran Bagaji daji ba fili ba ne da kowa zai faɗa wa yadda ya ga dama. Yana da masu shi, na fili da na ɓoye. Akwai lokacin da ba a farauta sai an buɗe daji, al'adar da har yau jama'a ke taruwa dominta a Masalata, kusa da Birnin Ƙonni. Akwai dabbar da Kawu ba ya ɗana wa kibiya ko da yunwa na cinsa, mai ciki da mai shayarwa. Ni musulmi ne, ban zo in wanke tsafi ba. Amma duk wanda ya yi adalci zai yarda cewa tsoron Doguwa ya tsare barewa fiye da yadda takardar hukuma ta tsare ta daga baya.

Ba rana ɗaya dajin ya mutu ba. Farin 1973 ya kashe ciyawa ya ƙafar da tabkuna, na 1984 ya zo ya ƙarasa abin da ya yi saura. Mutane kuma suka yi ta ƙaruwa: ƙidayar 1977 ta sami 'yan Nijar miliyan biyar da 'yan kai, ta 2012 ta sami sama da miliyan goma sha bakwai. Kowane baki na son hatsi. Gonar da a da ake bari ta huta shekaru aka daina barinta, sassabe ya bar kwari ya hau tudu har ya taɓa fako. Sannan ga bindiga da mota da fitila mai kashe ido, waɗanda ba su san mai ciki ba, ba su san mai shayarwa ba. Dokar farauta mai lamba 98-07 ta 29 ga Afrilu 1998 doka ce mai kyau a takarda, sai dai a wajenmu ihu bayan hari ce. Kafin zuwanta Kawu ya daɗe da rataye bakansa a jikin rumbu, ya koma sayar da saiwoyi da sassaƙe. Ranar da ya rasu gara ta riga ta cinye rabin kwarin.

Wannan ne ya tsaya mini a rai da yaron ya yi tambayarsa. Lokacin da dabba ta cika daji ba mu da abin ɗaukar hotonta. Yanzu da abin ya zo hannu, har ɗalibi na iya sayensa da kuɗin guzurinsa, dabbar ta tafi.

Ita kanta kyamarar ai daga hannun maharbi ta fito. Wani Ba'amurke, George Shiras, wanda ya fara da bindiga a dazuzzukan Mishigan, shi ne ya koma gicciya zare a hanyar dabba a ƙarshen ƙarni na 19. Dabba na tuntuɓe da zaren sai garin magniziyam ya tashi da walƙiya, hoto ya ɗauku. A 1906 mujallar National Geographic ta buga hotunansa 74 a fitowa guda. Da Kawu ya ga wannan dabara da bai yi mamaki ba, asuta ce sak irin tasa, sai dai ba ta shaƙe wuya. Shi ya sa sunan da na fi so ga abin shi ne tarkon hoto. A ƙasarmu ma ya yi aikin da ido bai yi ba. A 2010 masu binciken Sahara Conservation Fund sun sami hoton rabbin sahara a duwatsun Termit, dabbar nan siririya mai kama da damisa, mai gudun tsiya, wadda aka fi sani da sawunta fiye da fuskarta. Cikin dare ta gitta, tarkon ya kama ta. Bayan shekara biyu, a 2012, aka ayyana Termit da Tin Tumma a matsayin gandun da aka keɓe.

Yaron dai bai jira shawarata ba, kuma gaskiyarsa, don ba ni da ita. Ya shiga wani kanti a Yamai, mai kantin ya cika shi da daɗin baki, ya nuna masa manyan lambobi a bayan kwali, megafiksel kaza, bidiyo kaza, ga arha. Ya sayi biyu. Da hutu ya zo muka ɗaure su a gindin wani gawo da na zaɓa da kaina, don ina tuna mun taɓa ganin barewa a wurin ni da Kawu. Shekara hamsin da suka wuce ke nan, amma ban tsaya na yi wannan lissafin ba.

Bayan mako guda muka koma. Batir ya mutu tun dare na huɗu. Da muka sa memori a kwamfuta sai ga hotuna sun haura dubu biyu, zuciyata har ta fara bugawa. Gamba ce. Gamba tana rausaya hagu, gamba tana rausaya dama, tun hantsi har la'asar. Tsakiyarsu akwai awaki, akwai jaki, akwai wani abu a gefen hoto da yaron ya rantse wutsiyar dila ce. Arha ba ta ado.

A kan wannan asara muka koyi abin da ba a rubutawa a bayan kwali. Na farko, kyamarar ba motsi take gani ba kamar yadda muka zata, zafi mai motsi take ji. A ƙarƙashin gilashin hoton akwai wani ɗan ido da ke auna bambanci tsakanin ɗumin jikin dabba da ɗumin abin da ke bayanta. A ƙasar sanyi, inda aka ƙera abin, barewa a cikin daji kamar garwashi ce a cikin toka. Mu kuwa a watan Afrilu, da rana ta take, zafi ya haura digiri 40, rairayi ya fi jikin zomo zafi. Sai zomo ya wuce ta gabanta ba ta sani ba, amma ciyawar da rana ta gasa, iska na kaɗa ta, ta ishe ta ta yi ta harbi ba ƙaƙƙautawa. Don haka wanda zai saya don daji irin namu ya fara tambaya ko ana iya rage wa idon nan kaifi ko ƙara masa. In ba a iyawa, ya ajiye ta ko nawa ne megafiksel ɗinta. Yawancin manyan lambobin nan ma kumburi ne, na'urar ce ke buɗa ƙaramin hoto ta mai da shi babba, ba tare da ta ƙara masa komai ba.

Sai sauri. Tsakanin lokacin da ta ji ɗumi da lokacin da ta ɗauka akwai ɗan jinkiri. Masu kyau ba sa kai rabin daƙiƙa, irin tamu takan kai daƙiƙa guda ko fiye. Dila ba ya tsayawa gaisuwa. Cikin daƙiƙa guda ya ba da baya, sai ka tashi da wutsiya.

Maganar fitila kuwa sai da ta kai mu gaban maigari. Da dare kyamarar na haskawa da wani haske da idon mutum ba ya gani sosai, shi ya sa hotunan dare ke fitowa fari da baƙi. Iri biyu ne. Mai lamba 850 ya fi kai wa nesa, hotonsa ya fi fitowa tas, amma fitilunsa kan yi ja kaɗan kamar bakin taba. Mai lamba 940 ba a ganin komai, sai dai hoton ya ɗan dushe. Tamu mai ja ce. Wasu yara masu dawowa da shanu bayan magariba suka hango jan ido a jikin gawo, ya buɗe ya rufe. A Arewa kuwa, in aka ce an ga ido a jikin gawo da dare, ba sai an faɗi sunan mai shi ba. Kafin gari ya waye labari ya zaga unguwa uku, har wata tsohuwa ta fara shirin kai farar kaza. Na sha kunya ranar, don ni ne babba, ni ya kamata in fara kai gaisuwa in yi bayani kafin a ɗaure komai.

Wannan ba ƙaramar magana ba ce, musamman a halin tsaron da yankinmu ke ciki a shekarun nan. Akwai irin kyamarar da ake sa wa layin waya, tana ɗauka tana turo maka hoton har gida. Yaron ya so ta ƙwarai, ni na hana. Rezo a kan fako sai an yi sa'a, cin batir ɗinta ya ninka, sannan akwatin da aka ɓoye a daji mai eriya yana aika hoto, ka je ka yi wa soja ko mutanen ƙauye bayanin cewa bushiya kake nema. Ko marar layin ma, a fara sanar da maigari da ma'aikatan gandun daji, a gaya wa makiyayan da ke bin wurin. Wanda aka gaya wa shi ke tsare maka ita. Wanda aka ɓoye wa, ko dai ya farfasa ta don tsoro, ko ka same ta a kasuwa.

Sauran abubuwan ƙanana ne, amma su ke kashe kyamara. Yawancinsu batir takwas suke ci, irin na rediyo ƙanana. Na tebur mai arha ba ya jure fitilar dare. Na litiyam na daɗewa amma da tsada, kuma ba a samunsa a Dogon Dutsi yadda ake so. Masu caji ƙarfinsu bolt 1.2 ne maimakon 1.5, wasu kyamarorin sai su ɗauka batir ya kusa mutuwa su kashe kansu, don haka a tambaya tun a kanti. A duba robar bakin murfi da kyau, saboda ƙurar hunturu ta fi ruwan sama iya shiga. Ɗayar tamu cinnaku ne suka shiga ta ƙofar makirfo suka yi gida. Kada a fuskantar da ita gabas ko yamma, rana za ta makantar da ita safe da yamma. A sassabe ciyawar gabanta.

Yaron ya mayar da hankali ya tara kuɗi, wani malaminsa ya taimaka aka kawo masa guda ɗaya mai kyau, marar jan ido, mai sauri. Muka sake ɗaure ta a gawon nan. Mako biyu: awaki, jaki, awaki.

Ranar da muka je kwance ta ne muka tarar da wani tsoho zaune a kan saiwar gawon, ya jingina sandarsa. Na gane shi da ƙyar. Shi ne yaron Kawu na ƙarshe, wanda ya riƙe masa kwari bayan ni na tafi makarantar horon malamai. Yanzu ya haura tamanin, ido ɗaya ya yi yana. Na durƙusa na gaishe shi.

"Baushe, ina wuni? Ina gajiya?"

"Lahiya lau, Mushe. An ce kai da ɗanka kuna ta hwaman ɗaure ma icce laya. Mi kuka nema nan?"

Yaron ya yi masa bayani tiryan-tiryan, har da nuna masa hotuna a waya. Tsohon ya saurara bai katse shi ba. Da ya gama sai ya ce, "Wanga abu naku ido garai, amma ba shi da hanci, ba shi da ƙahwa. Inda kunka aje shi nan zai zamna. Nan kau hanyar awaki ta. Tun yaushe rabon naman daji da bin nan?"

Ya miƙe, muka bi shi. Tafiyar kusan awa guda, yana gaba yana dogara sanda, kansa a sunkuye, irin tafiyar da na sani. Ya kai mu wani ɗan kwazazzabo a gindin tudu, inda ruwan damina ya yanke ƙasa ya bar wata 'yar hanya tsakanin duwatsu biyu, faɗinta bai fi kamu uku ba. Ya tsuguna ya nuna da bakin sanda. Ni dai, kamar shekara hamsin baya, rairayi na gani. Ya ce a ɗaure ta a jikin wani kalgo, kada ta wuce tsayin gwiwa, a karkata ta ta kalli hanyar a tsaye, yadda dabba za ta daɗe tana tahowa cikin idonta maimakon ta gitta ta wuce. Yaron ya dube ni, don abin da littafinsa ya ce ke nan, kalma da kalma, kuma tsohon bai taɓa riƙe littafi ba.

Dare goma muka ba ta. Yanyawa ta fito, kunnuwa a tsaye, ido kamar tocila biyu. Dila ya fito, wannan karon da kansa da ƙafafunsa. Zomo ba adadi, bushiya, tunku, kyanwar daji da ɓera a baki, garken zabin daji da sassafe. A dare na takwas, ƙarfe uku da 'yan mintoci, beguwa ta taho tana jan ƙayoyinta. Ni da na ɗauka an cinye ta ƙarshe tun zamanin shugaba Kunce, sai na ji ƙwalla ta cika mini ido a gaban yaro.

Barewa ba ta fito ba. Ko ɗaya, a wata huɗu da ya yi yana aikin, a wurare shida da Baushe ya nuna. Abin ya dame shi, yana ganin kamar kundinsa ya rasa kai. Na ce masa ya rubuta hakan yadda yake, da yawan dararen da kyamarar ta kwana a kowane wuri, domin wanda zai zo bayan shekara ashirin ya sami abin aunawa. Mu ba mu bar masa komai ba sai "a da akwai", kuma "a da akwai" ba ta shiga lissafi. Raƙuman dawan Kure ai da ƙirga aka cece su. A 1996 ba su fi hamsin ba a duk Afirka ta Yamma. Aka bi su ɗaya bayan ɗaya ana ɗaukar hoton kowanne dama da hagu, tunda zanen jikin wani ba ya kama da na wani, 'yan rakiya na ƙauyukan wurin suka san su kamar shanunsu. Suka haura ɗari shida, har a 2018 aka ɗebi takwas aka kai Gadabeji a jihar Maraɗi. Can ma na'ura ba ta yi aikin ita kaɗai ba, sai da mutanen da suka san inda dabbar ke kwana.

Akwai wani abu da tarkon ya kama wanda ba mu ɗana masa ba: mutane. Mata da kayan icce a ka tun duhun asuba. Wani ɗan Fulani da ya leƙa fuskarsa ta cika hoton, ya yi mata gwalo. Wani dattijo da na sani sarai, ya zo ya tsuguna biyan buƙata. Na sa yaron ya goge su duka a gabana, ban bar ko ɗaya ba, har na gwalon da ya so ajiyewa. Ba su ba mu izini ba, kuma daji shi ne wurin da talaka ya saba samun sutura.

Kafin ya koma Yamai muka kai wa Baushe kwamfutar har gida, muka zauna a zaure. Jikokinsa suka yi mana rumfa, ana ta ihu duk lokacin da ido biyu suka haska. Shi kuwa bai nuna wani ɗoki ba. Da aka zo kan yanyawa ya ce mace ce, tana da 'ya'ya a rami bayan tudu, kuma tana ɗingisa ƙafar baya ta hagu. Yaron ya buɗa hoton, ya koma na gaba, ya koma na bayansa. Ƙafar hagu a ɗage take a duka ukun.

"Baba, ya aka yi kuka sani?"

"Tun watan jiya nika ganin sawunta."

Sai ya matso da idonsa mai gani kusa da gilashin, ya ce a daina nuna masa dabbar, a buɗa masa ƙasan da ke gabanta. Ya daɗe yana kallon rairayin cikin hoton. Can ya ɗago ya ce akwai gada guda ɗaya da ta rage a bayan dutsen, tsohuwa, ba ta bin kwazazzabon sai in wata ya faɗi, kuma ta gefen sabara take raɓawa, taki uku gabas da inda muka ɗaure.

Yaron ya bar mini kyamarar da batir takwas sababbi. Ranar Asabar muka koma ni da Baushe, na tsuguna da gwiwoyin nan nawa masu ciwo na kwance ta daga kalgon, yana tsaye a kaina yana cewa in ƙara ƙasa, in ƙara kaɗan, to ya isa. Ya ce kada in sake taka wurin sai wata ya ɓace, kuma in zan zo kada in shafa turare.